Gurbin Gwaggo Tasalla a Injin Kiɗa

Ranar Juma'ar da ta wuce jikata Nana ta zo daga Kano da ƙawayenta biyu. Bayan sun ci abinci suka baje a tabarma gindin darbejiya, ta ciro wayarta ta ce, "Hajiya, zo ki ga yadda ake haɗa kiɗa yanzu." Ta taɓa nan, ta taɓa can, kafin in gama gyara zama kiɗa ya cika tsakar gida: ganga, tafi, ƙararrawa, da wani abu mai kama da kukan tsuntsu.

"Kin gani? Ko minti biyu ba a yi ba. Ke kuma kullum sai ki ce aikinku na da wuya."

Na ce, "Ƙawata, na ji abin da kika zuba. Me kika cire?"

Ta dubi ƙawayenta, suka kwashe da dariya. Ta ce, "Don me zan cire? Ai duk kyauta ne."

Ban ba ta amsa ba a ranar, don La'asar ta kawo jiki, kuma ni bakina bai kai hannuna iya bayani ba. Shi ya sa na ɗauko takarda. Nana, wannan naki ne da ƙawayenki, da duk wanda yake ganin haɗa kiɗa danne-danne ne kawai.

Kakanku Malam, Allah ya jiƙansa, gyaran rediyo da rikoda yake yi a bakin tashar Kura. Lokacin nan noman rani ya kankama, manoman tumatir da alkama sun soma sayen rikoda suna rataya ta a kafaɗa har gona. Wata rana Malam ya dawo daga Sabon Gari da wani abu naɗe cikin bargo a bayan babur. Wani makaɗin otal ne zai koma garinsu, ya karyar da kayansa. Malam ya saya ne don kayan cikin, wai ko zai tsinci abin gyara. Da ya jona batir sai abu ya kama bugawa shi kaɗai, dum, tas, dum, tas, har kajina suka watse. Injin kiɗa ne.

Ya zo da ɗan littafinsa na Turanci, rabin bangon a yage. Malam ya san waya ciki da bai, amma karatun boko bai dame shi ba. Ni kuwa na gama sakandaren 'yan mata kafin aure. Sai ya zama kullum in na sauke tukunyar rana, ina karantawa yana jonawa. Da aka yi wata biyu ya turo mini shi ya ce, "Hajara, tunda ya fi jin maganarki, riƙe abinki."

Hankalina bai kwanta ba sai da na kai maganar gun malamarmu ta Islamiyya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mata a cikin gida ranar farin cikinsu, ni ba zan hana ki ba. Amma ki riƙe abu biyu. Kada a ci mutuncin kowa da injinki, kada kuma ya hau kan kiran sallah." Na farkon na riƙe shi tun daga ranar. Na biyun sai da na sha kunya tukuna.

Bari in gaya muku yadda kayan suke. Injin bai fi tiren shayi girma ba. A gabansa maɓallai goma sha shida ne a jere, kowanne da ɗan jan haske, mu ce musu gidaje. Hasken yana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshe ya komo farko. Duk gidan da kika sa sauti a ciki, in haske ya iso sai ya buga. Sautukan ba su da yawa. Akwai babbar ganga da ƙarama, akwai wasu masu zurfi daga siririya zuwa mai kauri, akwai tafi, akwai faranti mai cas-cas, sai wani da nake ce wa ƙwanƙwasa, don kamar an buga tsinke a bakin akushi yake. Kowane sauti da ɗan majanyinsa, wato abin da ake ja don ƙara murya ko ragewa.

Amma asirin aikin a bayan injin yake. Can akwai babbar kafa guda wadda duk sautuka ke fita tare, sannan ƙananan kafofi, kowane sauti da tasa. In kika soka waya a kafar wani sauti, sai ya rabu da 'yan'uwansa ya bi wayarki duk inda kika kai shi. Ku da asalinku nan ne ba sai an yi muku dogon bayani ba. Kamar babban kanal ne da fangalin noman rani: inda ka buɗe wa ruwa nan zai bi, inda ka toshe nan zai bushe.

Sai akwatin amo, wanda Malam ke kira eko. Zaren kaset ne yake zagaye a cikinsa, duk sautin da kika tura masa zai yi ta maimaita shi yana dushewa, kamar kin yi magana a bakin rijiya. Sai miksa, ɗan allo mai layi huɗu inda komai ke haɗuwa kafin ya tafi lasifika ko rikoda. Sai batirin mota, da makirfo guda, da gashin kaza na share ƙaiƙayin shinkafa daga majanyai, don a garin nan ƙaiƙayi har cikin aljihu yake shiga.

Abu na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta. Malam ya yanko kan waya, filogi ne kawai ba jela, ya yi mini guda huɗu ya zuba a gwangwanin madara. In na soka ɗaya a kafar sauti, sautin zai fita ya bi hanyar da ba ta zuwa ko'ina. Shiru tsaf. Na sa masa suna bebe. Hanyar kashe sauti uku ce, kuma ba ɗaya suke ba. In kin goge shi daga gidansa, ya tafi ke nan, sai kin sake ginawa. In kin ja majanyi ƙasa, yana nan yana ɗan huci a lasifika. In kin sa bebe kuwa, injin yana bugawa a inda ya saba, kunne ne kawai ba ya ji, kuma da kin zare zai dawo daidai gurbinsa.

Aikina na farko a waje, suna ne a gidan wani manomin albasa. Malam ya kai kayan har zaure, mata suka shigo mini da su. A lokacin eko ya shiga raina, ina ganin komai in ya bi ta cikinsa ya fi daɗi. Sai na ɗauki babbar kafar gaba ɗaya na tura akwatin amo, na kuma murɗa maɓallin maimaitawa har ƙarshe. Mata suka yi ta rawa, ni kuma ina ta jin kaina. Can sai ladan ya ɗaga murya, La'asar ta yi, masallacin kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan. Na danna tsayawa. Injin ya tsaya, amma eko bai tsaya ba. Abin da ya riga ya haɗiya shi yake ta amayarwa, dum, dum, dum, maimakon ya dushe sai ƙara kumbura yake. Na taɓa wannan, na taɓa wancan, na rasa wace waya ce. Ƙarshe dai na fizge kan batir. Kafin nan ladan ya yi nisa.

Sai kakar jaririn ta leƙo daga ɗaki ta ce, "'Yar nan, shi aljanin naki ba ya sallah ne?"

Mata sun yi dariya bayan an idar. Ni ban yi ba. Washegari ko wanke-wanke ban gama ba na zauna na kwance wayoyin duka. Na ba eko layinsa shi kaɗai a miksa, majanyinsa a ƙarƙashin babban yatsana. A nan na gane abin da littafin bai faɗa ba: in ka kashe sauti kafin ya shiga eko, jelarsa za ta biyo baya ta mutu a hankali, in ka kashe bayan ya fito, yankewa yake nan take. Ƙarshen waƙa yana son jela. Kiran sallah ba ya so. Daga ranar kuma duk gidan da na shiga sai na fara duba inda inuwar katanga take, in ta kusa kaiwa inda na yi alama, in sauke komai tun ladan bai gyara murya ba.

Masu zuwa wurina mata ne, don su ba za su iya zuwa Kano su tsaya gaban maza su rera ba. 'Yan matan Islamiyya masu shirin walimar sauka, zabiyoyi masu son kaset ɗin kansu, uwar amarya mai son abin tunawa. Kowacce ta zauna sai ta ce, "Sa mini eko da yawa." Sai in ce to, in sa mata kaɗan, ta ji ta ce haka take so. Mai waƙar habaici kuwa ina ba ta ruwa ta sha, in ce injin ba ya jin daɗi yau. Wasu matan Fulani daga rugar bayan kanal su suka koya mini wani darasin. Da suka ji tafin injin suka faɗi da dariya, babbarsu ta ce, "Wannan ai tafin maza ne, hannu ba lalle." Tun daga nan in dai akwai mata a wuri, tafinsu nake bari ya yi aiki.

Shekarar da tumatir ya yi kwantai ita ce mummunar shekararmu. Kwanduna jere a bakin titi har suka ruɓe, ba mai tayawa. Aka ɗaga bukukuwa, suna kuma sai a yi addu'a a raba goro a watse. Injin ya yi wata da watanni a ƙarƙashin gado. Da abubuwa suka ɗan warware na ciro shi na kunna, sai na tarar ba komai a ciki. Ashe akwai wani ɗan batir kamar kwabo a cikinsa wanda yake riƙe masa tunani, shi ne ya mutu. Duk kiɗan da na gina cikin shekara biyu ya tafi. Malam ya buɗe ya canja batirin, ya dube ni ya ce, "Sai haƙuri, wannan ba aikin waya ba ne." Na sayi littafin lissafi mai gida-gida, na zauna ina tunowa da baki ina zanawa, kowane sauti da layinsa, kowane bugu da ɗigonsa. Wanda kuma za a kashe in zagaye shi da jan biro. Da na gama sai na ga jan biron ya kusa kai baƙin yawa.

A shekarar da ta biyo ne Gwaggo Tasalla ta zo.

Duk wanda ya yi wayo a tsakanin Kura da Bunkure lokacin nan ya san ta. Ita ce uwar masu kiɗan ƙwarya, ita ke waƙa, ita ke riƙe babbar ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa cikin daro. Aminiyarta Marka ita ke buga ƙaramar ƙwarya a gefenta tun suna 'yan mata. Marka ta rasu, ba a jima ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Gwaggo. Murya ta dawo, ƙafa ta ɗan dawo, hannun dama bai dawo ba. Sauran matan ƙungiyar suka koma bin wata yarinyar zabiya mai tashe.

Ta shigo da sanda, hannun daman a naɗe cikin gyale. Na shimfiɗa mata tabarma na durƙusa na gaishe ta. Ba ta tsaya dogon zance ba.

"Matar mai rediyo, an ce kina da akwati mai kiɗa ba hannu."

"Haka ne, Gwaggo."

"To ni ga baki ba hannu. Sauden Marka za a kai ɗaki, saura sati uku. Ranar da uwarta za ta cika ta kama mini wannan hannun da ya mutu, ta ce ni zan yi wa Saude kiɗan wuni. Na ce na ɗauka. Yanzu Kande, ƙanwar uban yarinyar, ita ce uwar biki, ta ce in zauna a gefe a ba ni goro, za ta kira yarinyar zabiyar nan da yaranta. Na ce ta ba ni waƙa ɗaya. Ta ce in na iya."

Na ce, "In Allah ya yarda za ki iya."

"Bar saurin alkawari, kunna mu ji."

Na kunna mata mafi kyawun abin da nake da shi, gidaje sha shida a cike, faranti na cas-cas, eko na juyawa. Ta saurara kamar mai jin ƙarar injin niƙa. Ta ce, "Wannan ai kasuwa ce ta ci ta cika. Ta ina zan sa bakina?"

Sati na farko duk a cirewa ya tafi. Na goge faranti, na goge gangunan biyu. Ta riƙa yi mini kiɗan da baki ina ƙirgawa, sai na gane kiɗan ƙwarya ba huɗu-huɗu yake tafiya ba, uku-uku ne. Na rage gidajen zuwa goma sha biyu, nan take kafaɗarta ta motsa. Aka bar sauti huɗu: siririya a madadin ƙwaryar tsakiya, ƙwanƙwasa a madadin ta Marka, tafi, sai mai kauri a madadin ƙwaryar ruwa.

Wannan mai kaurin shi ya cinye mini sati na biyu. Ƙwaryar ruwa in an buga ta ba ta tsayawa cak, tana da wani nishi a bayanta, ruwan ne yake amsawa. Na fitar da mai kauri ta kafarta ita kaɗai na tura eko, sauran ukun na bar su a bushe. Na gajarta maimaitawar har ta zama ba a jin ta a matsayin bugu na biyu, sai dai kamar numfashi. Kullum da hantsi ina kifa ƙwarya a daron wanki, in buga, in saurara, in koma in murɗa. Ranar da Malam ya shigo cin abinci ya tsaya yana neman inda daron yake alhali na riga na zubar da ruwan, na san na samu.

Gwaggo ta zo ta ji. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ita ce." Ta gyara zama, ta buɗe baki za ta shiga, sai ta rufe. Kiɗa ya zagayo, ta sake ɗaukar numfashi, ta sake fasawa. Haka har sau biyar.

"Kashe," in ji ta. "Ba laifinki ba ne. Kiɗan daidai yake, amma ba nawa ba ne. Ni tun da nake ban taɓa shiga waƙa a kan bugun wani ba. Hannuna ke buɗe mini baki." Ta jawo sandarta. "Je ki gaya wa Kande ta kira yaranta."

Na ce ta bari ta sha ruwa tukuna. Na sake kunnawa ƙasa-ƙasa kamar mai gwada waya, ina satar kallonta. Hannun hagunta yana kan gwiwa. Ba ya bin siririya, ba ya bin tafi, amma duk sanda mai kauri ta buga sai yatsunta su sauka. Ita ba ta ma san tana yi ba.

Na tashi na ɗebo ruwa a daro, na kifa ƙwarya, na ajiye a gefen hagunta, na sa mata muciya ƙarama a hannu. Na zare wayar mai kauri daga bayan injin, aikin sati guda cur, na soka bebe a gurbinta. Hanyar eko da na gyara mata kuwa na mayar da ita kan makirfo, na kafa shi a bakin daro. Da na kunna sai kiɗan ya fito da rami a tsakiya, kamar bakin da aka cire wa haƙori.

"Me ya same shi?"

"Gurbinki ne, Gwaggo. In ba ki buga ba, ba mai bugawa."

"Da hagu? Hagun da ko tuwo ba a ci da shi?"

"Ai ba tuwo za ki ci ba."

Ta harare ni. Kiɗa ya zagayo, ramin ya wuce. Ya sake zagayowa, ta sauke muciya, ta makara. A na uku ta faɗa daidai, daro ya yi nishi ta lasifika, kafin in ankara muryarta ta fito. Sati na uku kullum tana gidana daga hantsi zuwa Azahar.

Ranar wuni Malam ya kai ni ƙauyen su amarya a kan hanyar Bunkure, ya sauke kaya a zaure ya koma wajen maza. Gida ya cika. Amarya Saude tana zaune a tsakiyar ƙawayenta cikin lulluɓi, kwanon goro a gabanta. A gefe guda ga yarinyar zabiyar nan da mutanenta, ƙorensu a kife, tsinkaye a hannu, suna jira. Hajiya Kande ta sunkuyo kaina ta ce, "Waƙa ɗaya. In ta kakare kada ki bari ta ji kunya a gaban mutane, ki cike mata da injinki, sai yaran su karɓa."

Na yi bisimilla na kunna. Ramin ya zo, Gwaggo ta ɗaga muciya, muciya ta suɓuce ta faɗa cikin daro. Wata ta tsamo ta miƙa mata. Ramin ya sake zuwa ya wuce ba kowa. Aka fara 'yan ƙus-ƙus. Hajiya Kande ta kafe ni da ido. Hannuna yana bayan injin, yatsuna biyu a kan bebe. Zarewa kawai zan yi, mai kauri ta dawo ta babbar kafa, kiɗa ya cika, ba wanda zai ce an yi kuskure. Amma na san in na zare, Gwaggo ta gama kiɗa ke nan har abada, a gefe za ta zauna da goronta. Na ɗauke hannuna na ɗora a cinya, inda za ta gani.

Ta gani. Ta goge tafin hagun a zaninta, ta riƙe muciya. Ramin ya zo na uku, ta sauke.

Ban taɓa jin daro ya amsa kamar ranar ba. Muryar ta biyo baya, da 'yar rawa a farko, sannan ta miƙe. Tsofaffin da suka san ta tun da can suka soma tafi, sai na ciro bebe na biyu na soka a kafar tafin injin. Ta yi wa amarya addu'a, ta yabi dangin uba, ta yabi dangin ango. Da ta iso kan Marka, ta kira sunanta da na iyayenta, sai ta juyo ta yi mini alama da haɓa. Mun shirya wannan tun a gida: in an zo baitin Marka a kashe ƙwanƙwasa, a bar gurbinta ba kowa. Na soka bebe na uku.

Zagaye ɗaya gurbin ya wuce a shiru. A na biyu sai muka ji ƙwas, ƙwas-ƙwas, daidai inda ƙwaryar Marka take faɗawa. Na duba bayan injin, bebe yana nan daram. Ashe daga ƙarƙashin lulluɓi ne. Saude ce take buga zobenta a bakin kwanon goro, kanta a sunkuye. A gindin ƙwaryar nan ta yi rarrafe, hannunta ya san wurin.

Yarinyar zabiyar ta dubi mutanenta, ta jawo ƙwaryarta a hankali ta matso kusa da Gwaggo ta durƙusa, ta ɗauki bugun tsakiya. Na ba ta zagaye biyu ta zauna sosai, sannan na soka bebe na huɗu. Gwangwani ya zama ba komai. Jan haske yana ta bin gidajensa goma sha biyu, yana kaiwa ƙarshe yana komowa, ba sauti ko ɗaya da ke fita daga injin. Ba wadda ta lura. Waƙa ɗayan da aka ba Gwaggo ta zama huɗu.

Inuwa ta kai alamata, na ja layin eko ƙasa, na ɗaga wa Gwaggo hannu, ta sauke waƙar. Ladan ya kira sallah a kan shiru.

Muna alwala Hajiya Kande ta zo ta tsaya kaina da butarta. Ta ce, "Gaskiya injin nan naki ya yi ƙoƙari yau. Ban taɓa jin ya yi daɗi haka ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Gwaggo tana gefe ana zuba mata ruwa a hannu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ƙwarai kuwa, Kande. Ya san lokacin da ake yin shiru, abin da wasu har yau ba su koya ba."

Ta yi shekara uku tana kiɗa da hagu bayan wannan, yaran nan na bin ta, ba ta sake neman injina ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Marka, ya jiƙan Malam.

Injin ya daɗe da mutuwa, eko ma zarensa ya tsinke tun kafin a haifi uwarki, Nana. Amma gwangwanin madarar yana nan a ƙasan adakata, bebaye huɗu a ciki. In kin zo ki ɗauki ɗaya. Na san wayarki ba ta da kafar da za ki soka shi. Ki dai ajiye shi a gabanki in kina danne-dannenki, kafin ki cika gidan ƙarshe ki ɗaga kai ki duba ko akwai mai zaune kusa da ke da hannu a kan gwiwa.